Yawon shaƙatawa a tekun ƙanƙara: idan jirgi ya maƙale, wa zai zo?

1/ Jama'a, bidiyon nan da ke yawo na jirgin ruwa yana ratsa duwatsun ƙanƙara a can arewacin duniya, kowa na rubuta "Allah ka kai mu", ni ma na ce amin. Amma akwai abin da ba a nuna mana a bidiyon. Ku biyo ni a wannan zaren.

2/ Ranar 11 ga Satumba 2023, jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Ocean Explorer ya kafe a laka a Alpefjord, arewa maso gabashin Girinlan. Mutum 206 ne a ciki. Ba guguwa ba ce ta jawo, ƙasan jirgin ne kawai ya hau tudun da ke ƙarƙashin ruwa.

3/ Wurin yana cikin gandun dajin da ya fi kowanne girma a duniya, murabba'in kilomita 972,000. Ya fi Najeriya faɗi, kuma ba gari ko ɗaya a cikinsa, sai 'yan sojoji da masu bincike. Ka tsaya ka yi tunanin wannan.

4/ Jirgin sojan Denmak da aka tura domin ceto, Knud Rasmussen, yana nesa da su fiye da kilomita 2,000 a lokacin. Tafiyar kwanaki ce. A ƙarshe wani jirgin binciken kifi, Tarajoq, shi ya ja su suka fita ranar 14 ga wata. Kwana uku cur suna zaune.

5/ Alhamdulillahi ba wanda ya ji rauni. Sai dai fa sa'a ce ta yi aiki, domin iska ba ta taso ba, jirgin kuma bai ɓule ba. A ruwa mai sanyi irin wannan, wanda ya faɗa ciki hannuwansa kan daina aiki cikin 'yan mintoci, ko da gwanin iyo ne.

6/ Ga wani misalin. A Maris 2019 injinan jirgin Viking Sky suka mutu cikin guguwa a gaɓar Norwe, saboda baƙin man da ke sa sassan injin santsi ya yi ƙasa. Mutum 1,373 ne a ciki. Jirage masu saukar ungulu sun kwashe sama da 470, ɗaya bayan ɗaya, har cikin dare.

7/ Wannan fa a kusa da garuruwa ne, a ƙasar da ke da kayan ceto na gani na faɗa, duk da haka ba a kwashe ko rabinsu ba kafin injin ya tashi. To da a Alpefjord abin ya faru fa?

8/ Ra'ayina ke nan: bai kamata a bar manyan jirage su shiga inda ba mai iya ceton mutanen ciki ba. Kamfani ya karɓi kuɗin tikiti ya ci riba, in abu ya lalace kuma sai sojoji da matuƙan jirgin sama su sa ransu cikin haɗari, da kuɗin harajin wasu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

9/ Na san wani zai ce ai baƙin nan suna kawo wa mutanen yankin kuɗi. Gaskiya ne a inda akwai gari, mai kwale-kwale da mai sayar da kayan hannu suna samu. Amma jirgin da baƙi ke ci a cikinsa, su kwana a cikinsa, su sauka inda ba kowa su ɗau hoto, me ya bar wa wa?

10/ Norwe ta fara gyara. Tun Janairun 2025, jirgin da ke ɗauke da fasinja sama da 200 ba ya shiga wuraren da aka kare a tsibiran Svalbard, kuma dole mutum ya bar aƙalla mita 300 tsakaninsa da farin beyar. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari.

11/ Da ni ne mai yin doka, zan ƙara biyu. Jirgi ba zai shiga irin wannan lungu shi kaɗai ba, sai da wani a kusa da zai iya kwashe mutanensa. Sannan kuɗin ceto ya fito daga inshorar kamfani. Tikiti zai ƙara tsada, eh, kuma wannan ne ainihin farashin tafiyar.

12/ Ban ce kada a je ba, wallahi ni ma ina so in ga ranar da ba ta faɗuwa da idona. In Allah ya hore maka, kafin ka biya ka tambaye su: mutum nawa jirgin ke ɗauka, kuma in mun maƙale, awa nawa kafin wani ya iso? In suka fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

13/ Ku kuma me kuka gani? Wa ya kamata ya biya kuɗin ceto, gwamnati ko kamfani? Ina jiran ku a ƙasa.