Kukan Kyanwa a Bakin Ƙofa, Hakki Ne a Wuyan Mai Gida

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da ba su kai a shigar da su gaban alƙali ba, amma sun isa su hana magidanci barci, su kuma sanya gaba tsakanin maƙwabta, akwai kukan kyanwar da takan tsaya a bakin ƙofa tana neman a buɗe mata, wadda in an buɗe ta fita, jim kaɗan sai ta komo tana kukan a shigo da ita, in kuwa an ƙi buɗewa ta kwana tana yi har kiran assalatu. Watakila wani mai karatu ya ga maganar ta yi ƙanƙanta da a ɓata mata tawada a jarida, a zamanin da tsadar abinci ta cika kunnuwan jama'a. Amma al'amarin da hadisi ingantacce ya tabbatar cewa ya kai wata mace wuta bai cancanci mai hankali ya raina shi ba.

Tun lokacin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa garin Lafiya a wajejen ƙarshen ƙarni na 18, har zuwa 'yan shekarun baya, kyanwa ba ta da bukatar roƙon kowa hanya, domin gidan gargajiya yana da zaure wanda ke wuni a buɗe, da katangar ƙasa ko darni mai sauƙin haurawa, da rariya wadda take ƙofa ce a gare ta dare da rana, ga kuma rumbu a tsakar gida inda abincinta ke kawo kansa. Da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya babban birninta, sai ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, daga baya ɗaliban jami'ar tarayya suka biyo, unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Shabu suka cika da gidajen bulo masu ƙofofin ƙarfe, da tagogi masu raga saboda sauro, da dogayen katangu da aka jera wa fasassun kwalabe saboda ɓarayi. Ɗabi'ar kyanwa tana nan yadda Allah ya halicce ta. Mu ne muka sāke gini, muka toshe mata kowace kafa, sa'an nan muka komo muna mamakin kukanta. Wanda ya kulle ƙofa kuwa, shi ne hakkin abin da ke cikin ɗaki ya rataya a wuyansa.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan mas'ala ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda wata kyanwa da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a doron ƙasa ba. Abin da malamai suka fahimta daga nan shi ne, ajiye kyanwa a gida halal ne, har ma tsare ta, muddin mai tsarewar ya ɗauki nauyin abin da ya hana ta nema da kanta. Laifin matar shi ne haɗa tsarewa da tozartarwa. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an kawo yadda sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa, ya kuma lissafa ta cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Musulmin da suka gabata sun riƙi wannan da muhimmanci, har an hakaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

To, tun da yake hakki ya tabbata, wajibi na farko a kan mai kyanwa shi ne ya binciki sababin kukan kafin ya nemi maganinsa, gama sababan suna da yawa, kowane kuma da hukuncinsa. Wani kukan na yunwa ne ko ƙishirwa, ko na matsuwa da bayan gida, domin kyanwa dabba ce mai tsananin tsabta, wadda ba ta yarda ta yi najasa inda ba za ta iya binnewa ba, ɗakin siminti kuwa ba shi da ƙasar tonawa. Wani kukan na rashin lafiya ne, musamman in tsohuwar mage ce da ba ta saba yi ba ta fara farat ɗaya, ko kuwa muzuru ne ake ganin yana tsugunne yana yunƙurin fitsari ba ya fita, wanda wannan toshewar mafitsara ce mai iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku in ba a gaggauta kai shi asibitin dabbobi ba. Kada kuma tausayi ya sa a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta. Wani kukan na ɗabi'a ne kawai, saboda lokutan farautarta su ne almuru da asuba, daidai sa'ad da ɗan Adam ke son hutawa.

Mafi tsanani duka shi ne kukan neman barbara, wanda yawancin masu ƙorafi shi suke ji ba su sani ba. Macen kyanwa takan balaga tun tana wata 6 ko ma ƙasa da haka, in lokacinta ya zo takan yi kimanin mako guda tana wani irin kuka mai kama da na jariri, tana birgima, tana ƙin abinci, in kuma ba ta sadu da muzuru ba abin ya komo mata bayan mako 2 ko 3. A ƙasashenmu na zafi, inda tsawon yini bai cika sāɓawa tsakanin rani da damina ba, wannan ba shi da wani kaka ko bazara. In an sake ta, cikinta kwana 63 ne zuwa 65, tana kuma iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara, har gida ya cika da 'ya'yan da ba a san inda za a kai su ba. Shi ma muzurun da ya shinshino mace a bayan katanga, ba tsawa ba duka da zai sa ya yi shiru.

Akwai kuma kukan da mai gida ne da kansa ya koya mata, ko da yake ba da nufi ba. Masu nazarin halayen dabbobi sun lura cewa manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu irin wannan kuka ba, mutum suke yi wa, domin sun jarraba sun ga yana biya. Wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, ya nuna tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce cewa halin da ake sāka wa wani lokaci, a hana wani lokaci, ya fi kowane hali wuyar bari. Mutumin da ya daure rabin sa'a, sa'an nan ya gaji ya tashi ya buɗe, ya karantar da kyanwarsa cewa naci shi ne mabuɗi, gobe kuwa za ta yi sa'a guda cur ba ta karaya ba. Har zagin da yake yi mata daga kan gado, a wurinta amsa ce.

Mutane a kan wannan sun kasu biyu, kowane ɓangare kuma ya kauce. Na farko su ne masu duka da watsa ruwan zafi, da masu ɗaure ta cikin buhu su kai bayan gari ta hanyar Doma ko ta Shendam su yar, da waɗanda in suka ji kukan dare, balle in baƙa ce, sai su ce aljana ce ko mayya, alhali zato ba ya zama hujjar cutar da rai, duka kuwa ba ya koya wa kyanwa kome sai tsoron mai ita. Na biyu su ne masu cewa ai dabba ce, a buɗe mata ta tafi inda ta ga dama, sun manta cewa Lafiya ta yau tana da manyan motocin da ke ratsa ta tsakanin Jos da Makurɗi, da 'yan acaɓa a kowane lungu, da maganin ɓeran da ake zubawa a shaguna, wanda in ta ci ɓeran da ya ci shi ita ma yana iya kama ta, ga kuma ciwon haukan kare da take iya ɗaukowa daga cizo ta kawo wa yaran gida. Ban da wannan akwai 'yan tsakin maƙwabci da tantabarunsa da kifinsa na shanya, ɗan kuka kuwa shi ke ja wa uwarsa jifa, hakkin maƙwabtaka kuma ba abin wasa ba ne a addini.

Ra'ayina, wanda nake ganin shi ne tsaka-tsaki, shi ne a yanka wa kyanwa lokaci kamar yadda ake yanka wa kowane ɗan gida. Wanda ke da tsakar gida ko unguwarsa ba ta bakin titi, ya riƙa buɗe mata da safe bayan ta ci, ya kira ta kafin magariba da ƙarar kwanon abincinta, ya kulle. Kada ya buɗe tana cikin kuka, sai ta yi shiru ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, kuma mutanen gida duka, manya da yara, su haɗu a kan wannan ƙa'ida, domin in mutum ɗaya ya karya ta ya rushe aikin sauran. Ya sani cewa a kwanakin farko kukan ƙaruwa zai yi kafin ya ragu, wannan kuwa alama ce ta cewa maganin ya soma kamawa. Wanda yake ɗakin haya ko bene, ba shi da halin sakinta, to, ya ajiye mata daro da yashi yana sauyawa kullum, da ruwa mai tsabta, da wurin hawa kusa da taga inda za ta ga waje, da guntun katako na wasa farce, ya kuma sa yara su yi mata wasa da zare ko tsumma da yamma har ta gaji, sa'an nan a ba ta abincin dare.

Tsare ta da dare yana da wata maslaha babba ga jiharmu, wadda ba baƙuwar zazzabin Lassa ba ce. Wannan cuta, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wani irin ɓera ne ke yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, ta fi kuma tsananta da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin matakan kariya da ta lissafa, ta ambaci ajiye kyanwa tare da rufe hatsi da nisanta shara daga gida. A garin da ɗakunan ajiya ke cike da doya da riɗi da shinkafa da gyaɗa, kyanwar da ta kwana a cikin gida tana gadin lafiyar iyali ne, wadda ta kwana a kan juji kuwa ta bar ɓera da buhu.

Saura maganar fiɗiya da cire mahaifa, wadda ita kaɗai ke yanke kukan barbara daga tushe, ita ce kuma mutane suka fi jin nauyinta, suna tsoron kada ta zama sāke halittar Allah. Fuƙaha'u sun yi saɓani a nan, kuma saɓanin yana tafiya ne da illa: mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya halatta dandaƙar awaki da tumaki saboda gyaran namansu, ya kawo hani a kan dawaki, wasu malamai kuma, na da da na yanzu, sun halatta ta ga kyanwa in akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Ni dai na fi karkata ga halaccin, da sharaɗin likitan dabbobi ne zai yi, da allurar kashe zafi, domin idan aka auna wahalar kwana kaɗan da zubar da jariran kyanwa a kwata shekara da shekaru, ba a bukatar dogon nazari kafin a san wace cuta ce ta fi sauƙi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Allurar rigakafin haukan kare kuwa babu saɓani a kanta, ga shi cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke can tun 1924, maƙwabciyarmu ce.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi a jiha da ta riƙa sanya kyanwa cikin gangamin rigakafin da ake yi wa karnuka, ta kuma sauƙaƙa kuɗin fiɗiya ga talaka. Ina roƙon limamanmu da su riƙa tunatar da jama'a hakkin dabbobin gida a wa'azinsu. Kai kuma mai gida, in ka san ba za ka iya ciyarwa da shayarwa da haƙurin 'yan makonni na horo ba, ka nemi wanda zai iya ka ba shi ita hannu da hannu, domin ajiye kyanwa ba farilla ba ne, amma wanda ya ajiye za a tambaye shi.