Faifan Fari Da Na Biyu, Wanne Ya Fi?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako, don in yi magana da samarinmu masu sha'awar waƙa a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Maganar kuwa a kan wani makaɗi ce na ƙasar Nijar da faya-fayansa biyu na farko, gama a cikinsu akwai abin lura ga duk wanda ke niyyar shiga wannan sana'a.

Sunan makaɗin Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, a ƙasar Tawa ya tashi, daga baya ya zauna Agadas. Jita ya ke kaɗawa, da hagu kuwa, ta farinsa ma shi ya haɗa ta da hannunsa, ya yi mata tsirkiya da wayar keke. Yau shi da ƙungiyarsa a cikin gwanayen kiɗan nan mai tsananin amo, wanda Turawa ke kira rok, a ke lissafa su.

Faifansa na fari sunansa Anar. A cikin 2008 aka ɗauke shi, ba kuwa a wata uwa duniya ba, a nan Sakkwato inda motocinmu ke zuwa kullum. A lokacin nan waƙoƙin fim na Hausa su ke tashe, saboda haka aka ɗinka masa riga irin tasu, watau aka sa na'ura ta lanƙwasa muryarsa, ita ce kuma ta buga masa ganga, shi kuwa ya yi waƙa da harshensu na Tamashek. Ba a ko kai faifan kasuwa ba a sa'an nan, sai waƙoƙin suka yi ta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan har suka game Sahara. Ta haka wani mutumin Amurka, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji su, ya shiga cigiyar mai muryar har ya same shi.

Kamfanin nan shi ya fitar da faifai na biyu, mai suna Afelan, a cikin 2013. A Cintabaradan aka ɗauke shi, cikin dangin makaɗin, yana kiɗa ana ɗauka. Waɗansu waƙoƙin da jita mai lantarki ya yi su, da ƙarfi irin na wurin biki, waɗansu kuwa da jitar katako, a hankali irin na hirar dare.

To, jama'a, in an aza su bisa ma'auni, ni dai na biyun na ke gani ya rinjaya, dalilaina kuwa uku ne. Na ɗaya, murya. A faifan fari muryar tana da zaƙi, amma zaƙin na'ura ne, in an ba wani ita shi ma haka zai fito. A na biyu kuwa muryar mutum ka ke ji, da kaushinta da taushinta. Na biyu, hannu. A Anar jita tana bayan fage, a Afelan kuwa ita ce a gaba, nan ne aka fara gane irin saurin yatsun da Allah ya ba shi. Na uku, abokan kiɗa. Gangar na'ura ba ta gajiya, amma ba ta jin daɗi, ba ta zuga makaɗi ya ƙara wuta. Mutum ɗan'uwansa ne ke yin wannan.

Kada fa a ce na raina na fari. In ba don shi ba, da wa zai san da yaron? Shi ya buɗe ƙofa. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Hanyar da ya kama a faifai na biyu ita ta kai shi ga Ilana a 2019 da Afrique Victime a 2021, waɗanda suka zaga da shi Turai da Amurka.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata wani ya koya mana wannan karatu ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, mazaunin Maradun, ya daɗe yana amshi a bayan wansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayari. Ya rasu tun 1991, amma har yau in aka sa waƙar da ya yi wa Sardauna sai ka ga an yi tsit. Me ya riƙe ta? Kotso, da 'yan amshi waɗanda bakinsu ya zo ɗaya, da magana mai nauyi. Haka Sa'idu Faru da waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo, wanda ya zauna nan Mafara.

Saboda haka, ya ku samari masu tara kuɗi don zuwa ɗakin ɗaukar waƙa a Gusau ko Kano, ku je, ba laifi, kowa da aro ya ke farawa. Amma ku sani, a faifan fari jama'a na yi wa mutum uzuri, a na biyu kuwa tambayarsa su ke yi, shin me ke gare ka naka na kanka? Kafin ranar nan ta zo, ku nemi tsofaffin makaɗan da suka rage, ku durƙusa ku koyi kiɗa da amshi, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya sa mu gane. Haza wassalam.

Naku,
Mai Sauraro,
Talata Mafara.