Maganin kitsen jini ba na aro ba ne

Jama'ar Maradi, Tibiri da Jiratawa, kitsen jini ba ya sallama. A hankali kolestarol ke toshe hanyoyin jini, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Magani akwai. Atorvastatine miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatine 20 zuwa 40, kan rage mugun kitsen da kamar rabi. Lokotoro ke rubuta su, musamman ga wanda ya taɓa ciwon zuciya ko shanyewa.

Abin da ke damunmu shi ne ɗabi'armu ta “ungo, ni ya yi mini aiki”. Haba jama'a! Mu tahi CHR a auna jini, mu saya a farmasi, mu bar na tiren ƴan talla.

Shi ko tirigiliserid, ɗayan kitsen, zaƙi da ciwon sukari na ƙara shi. Ƙwaya kaɗai ba ta isa. Zogalen Jiratawa abinci ne mai kyau, amma bai zama madadin magani ba.

In tsoka na ciwo, fitsari ya koma kalar shayi, a koma likita ranar. Mai ciki ta sanar. In awo ya yi kyau, kada a aje magani sai da izinin lokotoro.

Allah ba mu lahiya.