Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Iyayenmu Kakanni da Ungozomai



Maganata a kan bakwaini ce, musamman wanda ya zo kafin mako 32. Ran da aka fito da shi daga kwalba aka sallamo shi, hannunku yake faɗawa, kuma abin da kuka ce shi gida ke bi.

Jaririn nan ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Wankan safe da yamma na iya galabaitar da shi, balle da hunturu. Ku bar shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, daga shi sai hula da kunzugu, a ɗaure da zane, sa'o'i masu yawa kullum. A Bogota ta ƙasar Kolombiya likitoci suka faro wannan a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haihu. In mai jego ta gaji, uban ya karɓa. Ba abin kunya ba ne.

Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Nono kawai, in ya kasa kamawa, a tatsa a ba shi a ƙaramin kofi.

Sai 'yan barka. Korar baƙo akwai nauyi, na sani, amma murar babba na iya mayar da shi asibiti. A yanka ragon suna, taron ya jira.

Don Allah kuma a daina tuhumar uwar. Sau da yawa likita ma ba ya gano dalilin haihuwar bakwaini.

Wassalam,
'Yarku.