Masu Raina Mota Mai Giya Ba Su San Hanyar Gusau Ba

Wata magana ta zauna daram a bakin masu sayen mota a Gusau, musamman matasa da ƙananan ma'aikata: wai mota mai giya, wadda ake kira manuwal, zamaninta ya wuce. Da dillali ya ce "manuwal ce", sai mai saye ya yamutsa fuska ya ce shi ba haya zai yi ba. Otomatik ita ce ta 'yan birni, ita ce ta wanda ya waye. Har ta kai yaro ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa taka kuloci ba, kuma yana faɗin haka da alfahari. Ni ina ganin wannan ra'ayi kuskure ne, kuma kuskuren da ake biya da kuɗi, wani lokaci da abin da ya fi kuɗi.

Hujjar da suka fi kafawa ita ce, ai Turawan da suka ƙera motar ma sun bar giya. Akwai gaskiya a ciki. Hatta motocin tsere da na ƙawa, waɗanda a da giyar hannu ita ce abin tinƙahonsu, sun juya mata baya. Ferrari ta daina tun wajen 2012. Lamborghini ta rufe babin da ƙarewar Gallardo a 2013. Chevrolet Corvette da ta fito a 2020 ba ta da giyar hannu sam. Volkswagen ta yi sallama da giyar hannu a Golf GTI bayan 2024, ita Golf ɗin da kakanninta ke ɗaukar mu daga Tsafe zuwa Funtuwa. A Amurka, sababbin motocin da ake sayarwa masu giya ba su kai 2 cikin 100 ba.

To amma me ya sa suka bari? Sabon giyabos mai sarrafa kansa yana canja giya da saurin da hannun ɗan Adam ba zai kamo ba, kuma mai motar tsere kan daƙiƙa guda yake faɗa. Ga dokokin hayaƙi na Turai da Amurka, waɗanda ya fi wa kamfani sauƙi ya cika idan kwamfuta ce ke zaɓar giya. Ga kuma kasuwa: ba riba a ƙera abin da mutum biyu cikin ɗari za su saya. Wanne daga cikin dalilan nan ya shafi mai zuwa Bunguɗu ganin gida? Su sabuwar mota suke saye, da garantin kamfani, a kan kwalta sumul, ga gareji mai na'ura a kowane gari. Mu kuwa motar da suka gama morewa muke saye, mai shekara goma sha biyar ko ashirin, wadda ta biyo jirgin ruwa ta Kwatano ko Legas, ba wanda ya san yaushe rabon da a canja mata man giya.

Kuma ko a can ɗin ba a rufe maganar ba. Porsche ta fitar da 911 GT3 a 2013 babu giyar hannu, masu saye suka yi ta ƙorafi, a 2017 ta mayar da ita. Toyota ma ta ƙara wa Supra giyar hannu a 2022. Su don jin daɗin tuƙi suke nemanta. Mu buƙatarmu ta fi tasu nauyi.

A dubi hanyar da muke bi. Daga Funtuwa ka shigo ta 'Yankara, ka wuce Wanzamai da Tsafe, ka isa Gusau, ka miƙe ta Bunguɗu zuwa Talata Mafara. Duk ɗan Zamfara ya san akwai wuraren da ba a fatan mota ta tsaya a wannan hanya, ko da rana tsaka, saboda 'yan bindiga. Idan batir ya yi sanyi ko kik ya ƙi, mai giya zai ce fasinja su sauko su tura, ya sa ta biyu, ya saki kuloci, mota ta tashi. Mai otomatik ba shi da wannan dabara. Sai ya tsaya a bakin daji yana jiran wanda zai ba shi aron batir. Idan kuma lalacewar ta kai a ja ta, ba a ɗaura mata igiya a yi doguwar tafiya yadda ake yi wa mai giya, don giyabos ɗin na iya ƙonewa. Wanda ya taɓa kafewa a laka da damina a hanyar Magami zuwa Ɗansadau ya san amfanin ƙafar hagu, yadda direba ke lallaɓa kuloci, ya yi gaba ya yi ribas har taya ta kama ƙasa.

Sai batun gyara, wanda a nan ne aljihu ke kuka. Kuloci idan ya cinye, kowane bakanike a Gusau zai sauke shi ya sa wani, sau da yawa a yini guda. Sana'a ce da aka gada tun zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Giyabos na otomatik kuwa, idan ya fara fizga ko ya ƙi shiga, kaɗan ne cikin masu gyaranmu za su buɗe cikinsa su gano ciwon. Maganin da aka saba ji shi ne a sayo wani na Beljiyam daga Kano ko Legas, a ɗora, a yi addu'a. Ga kuma yadda ake zuba masa kowane jan mai da aka samu a bakin titi, alhali kowane iri da man da aka yi masa. Musamman irin wanda ake kira CVT, man da ba nasa ba kashe shi yake yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ya kamata a ƙara da cewa tsofaffin otomatik masu giya huɗu, irin da suka cika kasuwarmu, sun fi takwarorinsu masu kuloci shan mai. Sababbi sun gyara wannan, amma mu nawa ne ke sayen sababbi?

Ban ce otomatik ba ta da amfani ba. Ga mai lalurar ƙafa, ga dattijo, ga wanda kullum yake cikin cunkoson Kano ko Abuja, rahama ce. Wanda ya auna ya zaɓe ta, ba ni da ja. Abin da nake yaƙa shi ne rainin, da kuma jahilcin da rainin ya haifar.

Domin illar da ta fi damuna ba a jikin mota take ba, a jikin yaranmu take. Je ka kowace tashar mota a Gusau ko Tsafe ka leƙa: Golf, Sharan, bas ɗin Hiace, Canter mai ɗaukar hatsi, tifa, tirela, galibinsu da giya suke aiki. Taraktar gona ma haka. A jihar da matasa ke neman abin yi ido rufe, saurayin da bai iya kuloci ba ya rufe wa kansa ƙofar tuƙin haya, da na dakon kaya, da na yawancin motocin aiki. Rana ta ɓaci, a ce ga mara lafiya ga motar maƙwabci, shi kaɗai ne namiji a gida, sai ya tsaya yana kallon sandar giya. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinsa bai ba shi damar taɓa mai giya ba. Sun ɗauke shi a matsayin wanda ya koyi rabin aiki, kuma sun yi daidai.

Direbobin hayar nan da ake wa kallon ƙauyawa ba don rashin wayewa suka riƙe giya ba. Su ne ke lissafin mai da gyara kowace yamma, su ne suka san abin da hanya ke yi wa mota. Ra'ayinsu ya fi na mai kallon bidiyon motoci a waya nauyi.

Kirana ga iyaye da masu makarantun koyon tuƙi shi ne, a fara koya wa yaro da yarinya da mota mai giya. Wanda ya iya ta, otomatik ba za ta ba shi wahala ba. Dillalai su ci gaba da kawo masu giya tun ana samunsu a Turai, don rana na zuwa da za a neme su a rasa. Kai kuma mai shirin sayen mota, kafin ka ce "manuwal ce, ba na so", ka je gareji ka tambayi bakanike kuɗin kuloci da kuɗin giyabos, sannan ka yanke shawara.