Daren da na goge tsohon kanel

A hunturun farkon 2018, lokacin da labarin Meltdown da Spectre ya karaɗe duniya, ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta. Dukiyar ɗakin gaba ɗaya saba ɗaya ce, HP ProLiant DL380 G5, ƙirar da ta fito a 2006, wadda aka sayo ta hannu bayan ta gama wa wasu bauta a ƙasar waje. Idan aka kunna ta, fankokinta kan yi ruri kamar injin markaɗe kafin su lafa. A cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibai yake, da rajistar kuɗin makaranta, da takardun malamai.

Meltdown aibi ne a cikin masarrafan Intel, wanda kan bai wa ƙaramar manhaja damar leƙa ma'ajiyar da bai kamata ta gani ba. Maganinsa a Linux gyara ne da ake kira KPTI, kuma daga baya an ƙara shi a cikin kanel 4.14, wanda ya fito a Nuwamban 2017 cikin jerin waɗanda ake daɗewa ana kula da su. Tsarin da ke kan sabarmu kuwa ya tsufa, masu shi sun daina turo masa gyara. Kuɗin sabuwar na'ura babu, sake girka komai a tsakiyar zangon karatu kuma ba ƙaramin haɗari ba ne. Sai na yanke shawarar in harhaɗa kanel da hannuna.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kanel shi ne ƙwayar manhajar da ke tsaye tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Shi ke raba lokacin masarrafa, shi ke rabon ma'ajiya, shi ke magana da faifan ajiya da katin sadarwa ta bakin wasu ƙananan tafintoci da ake kira direbobi. Tun da Linus Torvalds ya fara shi yana ɗalibi a Helsinki a 1991, rubutunsa a buɗe yake, kowa na iya sauke shi ya zaɓi abin da yake so ya bar saura. Zaɓin nan dubbai ne, kuma duk ana adana shi a fayil guda mai suna .config.

Akwai wata dabara da ta shigo tun kanel 2.6.32, wato make localmodconfig. Aikinta ta duba direbobin da na'ura ke amfani da su a daidai wannan lokaci, ta riƙe su, ta kashe sauran. Ga tsohuwar saba wannan ni'ima ce: aikin da zai ci awanni sai ya ƙare kafin shayi ya huce, wanda kuma yake aiki da janareta ya san darajar kowane minti. Na buga umarnin, rubutu ya yi ta gudu a allo, na yi ta danna amincewa ban karanta ba.

Da aka zo girkawa sai wuri ya ƙi isa. Ɓangaren /boot, inda kanel ke zama, wanda ya fara girka na'urar ya yanka shi ɗan ƙarami, kamar yadda aka saba a da. Dare ya yi, mai ya kusa ƙarewa. Na duba, na ga tsohon kanel da rakiyarsa sun cinye wurin, na goge su. Na ce a raina ai an gama da su.

Na sake kunna na'ura. Ta yi rurinta, ta ƙirga ma'ajiya, GRUB, manhajar da ke tayar da kanel, ya miƙa wa sabon kanel ragama, layuka kaɗan suka wuce, sai komai ya tsaya cak. Saƙon da kowane mai wannan sana'a ke tsoro ya bayyana, Kernel panic, tare da bayanin cewa ya kasa samun faifan da tsarin yake kai.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya dube ni ya ce, "Oga, mu koma tsohon mana." Ban iya ba shi amsa nan take ba.

Abin da ya faru sai washegari na gane shi sarai. Faya-fayan wannan saba ba kai tsaye suke haɗe da uwar allo ba. Suna bayan wani kati ne, Smart Array P400, wanda ke haɗa su wuri guda. Shekara da shekaru direban wannan kati sunansa cciss. To, a kanel 4.14 ɗin nan da na zaɓa aka cire cciss ɗungurungum, aka miƙa tsofaffin katunan ga wani direba mai suna hpsa. Dabarar da na dogara da ita ta ga cciss na aiki, ta neme shi a sabon rubutu ba ta same shi ba. Ta ga hpsa ba ya aiki a lokacin, sai ta kashe shi. Na gina kanel mai kyau, mai sauri, wanda ba shi da idon ganin faifansa. Gargaɗi ma ya fito cewa ba a sami cciss ba. Yana cikin layukan da na bari suka wuce.

Na daɗe ina juya wannan dare a raina, kuma na rarrabe kuskure biyu da ba nauyinsu ɗaya ba. Rashin sanin an cire cciss kuskure ne na ilimi, kowa na iya faɗawa. Kanel na farko da mutum ya harhaɗa wa baƙuwar na'ura sau da yawa ba ya tashi, kuma ba abin kunya ba ne. Da tsohon kanel na nan, da abin bai wuce minti biyar ba: a zaɓe shi a GRUB, a koma, a gyara, a sake gwadawa. Gogewar nan ita ta mayar da tuntuɓe ya zama faɗuwa. Ba a rushe tsohon ɗaki sai an kwana a sabo an ga ba ya yoyo. Kuma abin da na yi caca da shi ba nawa ba ne, guminsu ne, yaran da ke jiran sakamako da iyayen da suka biya kuɗi.

Da asuba na kira dattijon da ya koya mini aikin nan tun zamanin LILO, magabacin GRUB, lokacin da mantawa da umarni ɗaya bayan girka kanel kan hana na'ura tashi. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, bayanan suna nan, ƙofa ce kawai ta rufe. Kana da faifan ceto?" Ina da shi. Na tayar da sabar daga filasha, na fara kwafe rajistar zuwa wani faifai kafin in taɓa komai, sannan na shiga tsarin ta chroot. Na buga lspci, na karanta sunan kowane kati ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in fara da shi tun jiya. Na kunna hpsa, na dasa shi a jikin kanel ɗin kansa don kada ya dogara da wani abu kafin ya ga faifai.

Saura tarko ɗaya, kuma dattijon ne ya tuna mini. A ƙarƙashin cciss sunan faifan /dev/cciss/c0d0, a ƙarƙashin hpsa kuwa ya koma /dev/sda. Duk inda aka rubuta tsohon suna, a fayil ɗin fstab da cikin GRUB, sai da na musanya shi da lambar UUID, wadda ba ta sauyawa ko direba ya sauya. Kafin azahar sabar ta tashi.

Wannan cire-ciren ba zai tsaya ba, kuma ban ga laifin masu yin sa ba. An cire tallafin masarrafar 386 a kanel 3.8, an cire na Itanium a 6.7 a farkon 2024. Direban da babu mai kula da shi nauyi ne a kan kowa. Sai dai na'urar da aka yi wa ritaya a Turai ko Amurka, a wurinmu lokacin take fara aiki, don haka mu ne muka fi kowa cin karo da waɗannan ramuka, mu ne kuma ya fi kamata mu karanta bayanin sauye-sauye kafin mu sauke sabon kanel.

Tun daga ranar, sabon kanel ba ya zama na dindindin a hannuna sai ya yi gwaji. Ina amfani da grub-reboot, wanda ke tayar da shi sau ɗaya tak, in haɗa da panic=10, don idan ya firgita na'ura ta sake kunna kanta bayan daƙiƙa goma ta koma tsohon. Idan /boot ya cika, in nemi wuri ko ta halin ƙaƙa, amma kanel ɗin da na'ura ke tsaye a kansa ba na taɓa shi.

Sabar ta ƙara shekaru tana aiki kafin a sauke ta. Ranar da muka zare ta daga ma'ajinta, takardar da na manna a murfinta tana nan, ta yi ja saboda ƙura: sunan katin faifai, sunan direbansa, da lambar kanel biyu, wanda ke aiki da wanda za a koma. Yaron nan, wanda yanzu shi ke riƙe da ɗakin, ya ɓamɓare ta a hankali ya sa a aljihu.