Shaihu Umar Ba Karatun Yara Ba Ne

Mu da abokanmu na Anka, Gummi da Bukkuyum mun ɗaura aniyar karanta tsofaffin littattafai 12 a shekara, ɗaya kowane wata. Sai ga masu cewa a cika jerin da Dickens da Tolstoy, wai littattafan gasar Zariya ta 1933 karatun firamare ne. Ba mu yarda ba.

Mai faɗin haka, yaushe rabonsa da Shaihu Umar? Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba da labarin yaron da aka sace, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A ƙasar da ake tare hanya a kora mutane daji, wa zai karanta wannan ya kira shi tatsuniya? Iyaye nawa ne a garuruwanmu ke zaman jiran 'ya'yansu yau?

Dickens ba inda za shi, intanet cike take da shi, kyauta. Namu kuwa, su Ganɗoki da Jiki Magayi, sai hotunan shafuka a WhatsApp, wani a karkace, wani babu, ko kalma ɗaya waya ba ta iya lalubowa a ciki. Da su za mu fara, Shaihu Umar a watan farko.